Wa Ke Gadin Ƙ da Ɗ a Reshen Sid?

Debian, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da Ian Murdock ya kafa a 1993, yana da reshen da ake kira Sid, sunan yaron nan mai farfasa kayan wasa a fim ɗin Toy Story. Nan kowace sabuwar manhaja take fara sauka. Idan ta yi 'yan kwanaki, galibi biyar, ba a kai ƙarar wata babbar matsala ba, sai ta wuce reshen gwaji, daga can ta jira fitowa ta gaba. Ubuntu ma daga Sid yake ɗibar yawancin kayansa.

Shiru ke nan ake ɗauka a matsayin lafiya, kuma nan ne damuwata take. A cikin ƙunshin xkb-data akwai tsarin allon rubutu na Hausa, mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Idan wani gyara ya lalata shi, mai kula da ƙunshin da ba ya jin Hausa ba zai lura ba. Sai mai buga takardu a Kiru ko malamin makaranta a Tudun Wada ya ga ɓarnar bayan watanni, lokacin da gyara ya yi wuya.

Kada a raina aikin mai lura. A Maris 2024, Andres Freund ya ga shiga na'urarsa mai ɗauke da Sid yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bin sawun jinkirin ya tona ɓoyayyiyar ƙofar da aka dasa a manhajar xz tun kafin ta kai ga miliyoyin kwamfutoci.

Mutanen Bebeji sun san wannan hali daga madatsar ruwa ta Tiga: ginawa ta samu suna, yasar magudanan ruwa kuwa ba a yi mata biki. Haka muke yi da manhaja. Kowane ɗalibi yana son ƙirƙirar sabuwa, ba mai son riƙon tsohuwa.

Gaskiya ne Sid yana cin data kullum, ga ƙarancin lantarki, don haka ba zan ɗora wannan nauyi a kan matashin Doguwa shi kaɗai ba. Jami'ar Bayero da ta Wudil ya kamata su ɗauka. Debian na da jerin ƙunshe-ƙunshen da masu kula da su suka saki, waɗanda ake kira marayu. A amince wa ɗalibin ajin ƙarshe ya riƙi ɗaya na shekara guda, a ba shi maki a kan matsalolin da ya warware.