Jini a fitsarin yaro ba alamar girma ba ne

Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san abin da damina ke kawo wa yara. Da ruwa ya sauka, tabkuna da kududdufai sun cika, daga bayan unguwannin Zinder har Miriya da Gidimuni da fadamun Korama, sai ka tarar da yara cikin ruwa tun hantsi. Bayan wata biyu ko uku, wani ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Wani babba ya ce zafin rana ne, wani ya ce ai yaro ya fara zama namiji. Shi ke nan, magana ta mutu.

Wannan tsargiya ce, kuma tsutsa ke kawo ta. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a tabki, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon-koɗi na ruwa su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Idan sun girma sai su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayensu kuma su riƙa yi mata rauni. Jinin da yaro ke gani daga wannan raunin yake fitowa. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kiran cutar bilharziyoz.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, jinin yakan ragu idan yaro ya girma, sai a ɗauka ya warke, alhali ɓarna na ci gaba a ciki. Tun yana ƙarami tana jawo masa ƙarancin jini da kasala a aji. Bayan shekaru mafitsara ta taurare, hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su toshe, ƙodar kanta ta lalace, wani ma ta kai shi ga kansar mafitsara. Magidancin da aka kwaso daga ƙauye zuwa wurin likitan mafitsara a babban asibitin Zinder, mai yiwuwa ciwonsa ya faro ne tun yana ɗan lakol. Ƴaƴa mata kuwa cutar kan taɓa musu al'aura da mahaifa, su kuma sun fi kowa yin shiru.

Magani akwai shi. Sunansa praziquantel, kuma tun 2004 Nijar ta soma rabon shi ga ƴan makaranta, ana auna tsayin yaro a ba shi adadin da ya dace. Wasu iyaye na hana yaransu sha don sun ga wani ya yi jiri ko amai. Na fahimci tsoronsu, amma galibi shan shi da yunwa ne ke tsananta hakan, kuma yakan wuce. A ba yaro kunu ko fura kafin ya fita ranar rabo. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, yaron da ya koma tabki zai sake ɗauka.

Wani zai ce, a garin da ake dogon layi a bakin famfo, wa zai hana yara tabki? Gaskiya ne, ihu ba zai hana su ba. Amma za mu iya hana fitsari shiga ruwan, domin daga nan cutar ke farawa. Makarantar da ba ta da makewayi tana tura ɗalibanta bakin tabki ne, kuma wannan magana ce da ƙungiyar iyayen yara ya kamata ta riƙe da gaske.

Malam, ka ware minti goma ka gaya wa ajinka cewa jini a fitsari ciwo ne, babu abin kunya a ciki, kuma wanda ya gani ya same ka a keɓe. Malama ta yi wa ƴan mata haka. Malaman allo su ma a sanar da su ranar rabo, don almajirai sun fi kowa wanka a kududdufi. Iyaye kuma mu daina jiran yaro ya kawo ƙara da kansa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yau da daddare ka kira ɗanka gefe ka tambaye shi launin fitsarinsa. Idan ya ce ja ne, gobe ku kama hanyar likita.