Kafin a goge kwamfuta, a tambayi abin da ya tsayar da ita

A makon jiya ɗan ƙanwata ya kira ni daga Wagadugu, murya na rawa: "Kawu, kwamfutar ta sandare, ko linzami ba ya motsi." Yaron yana koyon Python, kuma aikin da ya ɗauko ba na wasa ba ne. Yana tattara sunayen gidajen Zangouettin, tsohon zangon Hausawa da aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA, aka mai da mutanensa Ouaga 2000 da Nioko. Wata da watanni ya yi yana bin dattawa yana rubutawa.

Ga abin da ya faru. Ya ajiye sunan unguwar a matsayin ƙima tsayayya, wato wadda ba ta canzawa har shirin ya ƙare, ya umarci shirin ya rubuta ta cikin sabon fayil a gaban kowane gida. Sai ya manta bai sa ƙirgen gidajen ya riƙa ci gaba ba. Shirin ya yi ta maimaita kalma ɗaya ba tsayawa, fayil na kumbura. Ita kuwa manhajar da yake rubutu a ciki tana buɗe da fayil ɗin, tana sake karanto shi duk sanda ya canza, har ƙwaƙwalwar na'urar ta cika.

Mai gyara ya ce masa a goge komai a sake lodi. Da ya yarda, da sunayen nan sun tafi ke nan, alhali wasu dattawan da suka ba shi ba lallai ya sake samun su ba.

Na ce ya kashe ta, ya kunna, ya share kumburarren fayil ɗin ba tare da ya buɗe ba. Layi ɗaya ya ƙara, aiki ya tafi daidai.

Ni dai kukana ga masu koyarwa ne. Muna koya wa yara kwafar shiri, amma bin sawun kuskure fa? A nuna musu yadda ake tsayar da shiri da Ctrl+C, su fara gwaji da gida goma kafin dubu, su ajiye kwafi a wani wuri dabam. Yaron da ya san dalilin sandarewar kwamfutarsa ba zai miƙa ta a goge masa wahalarsa ba.