Rabin Aji Ba Wurin Ajiyar Yara Ba Ne

A hutun da ya wuce Yaya ta ce in raka 'yarta mai shekara 5 firamaren gwamnati da ke garinmu, nan gefen Kano. Na tsaya na leƙa rabin ajin nasu. Na ƙirga yara har na wuce 70, sai na haƙura. Tabarmi biyu, allo ya koɗe, malama ɗaya da tsumagiya a hannu, ana ta rera A, B, C. Da yamma na rubuta wa yarinyar B a ƙasa na ce mene ne wannan? Shiru. Waƙar ta iya tsaf, harafin ne ba ta sani ba.

Abin haushi, a takarda komai ya ji. Dokar UBE ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya. Kundin manufofin ilimi na ƙasa na 2013 ya ƙara shekara ɗaya kafin firamare, kyauta kuma dole, malami ɗaya ga yara 25, koyarwa ta hanyar wasa da harshen da yaro ke ji a gida. Kwalejojin ilimi ma suna ba da NCE a wannan fanni.

To wa ake turawa ajin? A makarantun da na sani, malamar da ta kusa ritaya, ko 'yar sa-kai da ba a biya. Wai ai yara ne, kowa ma zai iya. Ni ban ga laifin malamar ba wallahi. A ba ka yara 70, wannan na kuka, wancan na jin fitsari, babu mataimakiya, babu ko kati mai hoto, in ba waƙa da tsumagiya ba me za ka yi?

Laifinmu shi ne ma'aunin da muke amfani da shi. Da yaro ya dawo yana gaisuwa da Turanci, shi ke nan, makaranta ta yi kyau. Mai hali ya kwashe nasa ya kai ta kuɗi, wadda sau da yawa waƙar ce dai, an ƙara yunifom mai kyau da rasit. Waɗanda suka rage 'ya'yan mai facin taya ne da mai ƙosai, kuma ba su ne ake saurare a ofishin ilimi ba. Yaron nan haka zai shiga aji ɗaya, a yi ta tura shi gaba, sai a aji shida a ce ba ya ja.

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu gida za mu koma bayan jarrabawa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin SBMC, na iyaye da mutanen unguwa. Na roƙi Yaya ta tafi da ni zamansu na gaba, kuma tambaya biyu zan yi wa hedimasta: yara nawa ne a rabin aji, kuma cikin malamansa wa ya karanci koyar da ƙananan yara?