Hawan Dutsen Kamaru: Wa Ya Cancanci Yabo?

Tun 1973 ake gasar tseren hawan Dutsen Kamaru daga garin Buea. Wannan dutse mai aman wuta ya haura mita 4,000, kuma ba barci yake yi ba, domin a 1999 narkakken dutsen da ya amayo ya gangaro har ya datse hanyar mota kusa da Bakingili.

A ganina an karkatar da yabo. Baƙo zai ratsa kurmi, ya fito fili mai ciyawa, ya taka baƙar tsakuwa har ƙololuwa, sa'an nan ya koma gida yana bugun ƙirji. To, wa ya ɗauko masa ruwa da guzuri? Wa ya gane hanya sa'ad da hazo ya rufe ko'ina? Galibi 'yan ƙabilar Bakweri ne, waɗanda Jamusawa suka ƙwace wa kakanninsu ƙasar noma a gindin dutsen.

Da aka mai da wurin gandun ƙasa a 2009, an toshe wa maharbansu hanyar abinci, alhali su suka fi kowa sanin dutsen. Saboda haka wajibi ne hukuma ta tsayar wa jagora da ɗan dako lada mai tsoka, ta kuma hana kowa hawa sai da su.