Kowa Da Irin Daddawarsa

A hutun da ya wuce kawuna ya kai ni wani gidan abinci a Ikko, inda ake girkin mutanen Tailan da na Biyetnam. Muna shiga wani wari ya buge ni, har na toshe hanci. Kawu ya yi dariya, ya ce, "Kai da aka yaye da miyar daddawa?" Ashe ruwan kifi ne da suke sa wa miya. Ƙananan kifaye ake cuɗawa da gishiri, a rufe watanni har su tsumu, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa.

Kafin mu taɓa komai, Kawu ya tambaya ko akwai alade ko giya a ciki, ko kuma naman yankan Musulmi ne. Da hankalinmu ya kwanta, aka kawo romon jatan lande mai tsami da yaji, na Tailan, da fo na Biyetnam, wato taliyar garin shinkafa cikin romon naman sa. Sandunan cin abincin suka gagare ni, na roƙi cokali. Ban rage komai ba.

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina raina abincin wasu jahilci ne. A makarantar nan muna yi wa 'yan kudu dariya idan sun fito da abincin garinsu, alhali mu ma kowa ya san ƙamshin daddawarmu. Abin da ya wajaba shi ne mu tambaya don kiyaye addininmu. In halal ne, mu yi bisimilla, mu ɗanɗana kafin mu kushe.