Hutun bazara a gaɓar Bahar Rum: A duba fasfo da aljihu kafin a duba hoto

Da zarar watan Maris ya raba, zafi kan fara gasa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, har ma'aunin zafi ya riƙa haura 40. A daidai wannan lokaci ne kamfanonin shirya tafiye-tafiye ke cika Facebook da Instagram da hotunan fararen gidajen tsibirin Santorini, da titunan Basalona, da manyan otal-otal na Antaliya, suna kiran mai hali ya je ya sha iska a gaɓar tekun Bahar Rum.

Kiran yana da hujja. Watannin da ƙasar Hausa ke kira bazara, wato Maris zuwa Mayu, su ne lokacin da ƙasashen da ke kewaye da wannan teku ke fita daga hunturu. Itatuwan lemo na fure, rana ba ta ƙuna, kuma cunkoson watannin Yuli da Agusta bai fara ba. Sai dai gaɓar tekun ta ratsa ƙasashe sama da 20 a nahiyoyi uku, kuma ba duka ne ke karɓar baƙo iri ɗaya ba. Wanda ya zaɓi gari saboda hoton da ya gani a waya na iya yin asarar kuɗi tun bai taka filin jirgi ba.

Ga mafi yawan masu riƙe da fasfon Najeriya ko na Nijar, musamman masu fita karon farko ko masu tafiya da iyali, gaɓar kudu da ta gabas, wato Masar da Maroko da Tunisiya da Turkiyya, ta fi gaɓar Turai dacewa a wannan lokaci. Dalilan kuwa a fili suke.

Biza ce ke fara yanke hukunci

Sifaniya da Faransa da Italiya da Girka da Malta duk suna cikin yankin Shengen mai biza guda. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman wannan biza ya koma Yuro 90 ga babba, abin da ya haura Naira dubu ɗari a canjin 'yan shekarun nan, ban da kuɗin ofishin da ke karɓar takardu, da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta Yuro 30,000. Idan aka ƙi ba mutum bizar, ba a mayar masa da ko sisi. Alƙaluman Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2023 da 2024 an ƙi amincewa da fiye da kashi 40 cikin ɗari na buƙatun da aka shigar daga Najeriya.

Ƙa'ida ita ce a ba da amsa cikin kwana 15, amma ana iya jan ta har kwana 45, kuma samun ranar kai takardu kansa kan ɗauki makonni. Doka ta yarda a nema tun wata shida kafin ranar tafiya. Don haka wanda ya fara tunanin Basalona a watan Maris domin ya tashi a Afrilu, ya riga ya makara.

Ƙasashen kudu da gabas su ma suna neman biza daga ɗan Najeriya, kuma ba a ba da ita a ɓagas. Bambancin shi ne 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Alƙahira da Istanbul, hanya ce da aka sani, kuma akwai jirage kai tsaye. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja da Legas, Turkish Airlines daga Abuja da Legas, Royal Air Maroc kuma daga Legas da Yamai. Maroko ta daɗe tana barin masu fasfon Nijar su shiga ba tare da biza ba don gajeriyar ziyara. Tun da yake irin waɗannan dokoki na sauyawa, ofishin jakadanci ne wurin tabbatarwa kafin a yanki tikiti.

Rana na da daɗi, ruwa na da sanyi

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, a watan Afrilu ruwan tekun bai ɗumama ba tukuna. A ɓangaren yamma, wajen Sifaniya da Faransa da Maroko, ɗuminsa na tsakanin 15 da 17 a ma'aunin Salshiyos, sanyin da ɗan ƙasar zafi ba zai jure minti biyar a cikinsa ba. A gabas, wajen Antaliya, yakan kai kusan 18 a Afrilu, ya haura 20 a Mayu. Ruwan bai cika yin ɗumi sosai ba sai Agusta da Satumba.

Saboda haka hutun bazara a wannan yanki na mai yawo ne a tsofaffin garuruwa da kasuwanni da wuraren tarihi. Wanda burinsa yara su yi wanka a teku, ya jinkirta zuwa ƙarshen Mayu, kuma ya nufi gabas. A tsibiran Girka ma otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke tun hunturu, sai wajen ƙarshen Afrilu suke buɗewa. Kowa kuma ya tafi da rigar sanyi, domin dare na yin sanyi a ko'ina.

Iskandariyya

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Iskandariyya ta Masar ce mafi sauƙi. Tafiyar kusan awa uku ce daga Alƙahira a jirgin ƙasa, rana a watan Afrilu ba ta cika wuce 25 ba, mafi yawan abinci na halal ne, kuma wanda ya ɗan taɓa Larabci ba zai ɓace ba. Akwai ganuwar Ƙayitbai da aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar haska jiragen ruwa, da katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da masallacin Abul Abbas al-Mursi. Daf da shi akwai kushewar Imam Busiri, mai ƙasidar Alburda da ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa.

Garin na da nasa aibun. Birni ne na miliyoyin mutane, mai hayaniya da cunkoson motoci, kuma bakin ruwan da ke cikin gari ba shi da tsabtar da ake gani a hotuna. Tsakanin Maris da Mayu ne kuma iskar Hamsin ke kaɗawa daga hamada, mai ƙura kamar ta hunturu amma da zafi. Mai ciwon asma ya yi la'akari da wannan. Ranar bikin Shammun Nasim, wadda ke faɗowa Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, bakin teku kan cika maƙil.

Tanja

Tanja ta Maroko na zaune ne a inda Bahar Rum ya haɗu da tekun Atlantika, kuma idan gari ya yi garau ana hango tsaunukan Sifaniya, domin mashigin ruwan bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. A nan aka haifi Ibn Batuta a 1304, matafiyin da ya ratsa hamada har ya kai Takadda da ke ƙasar Nijar ta yau. Tun 2018 jirgin ƙasa mai gudu na Al Boraq ya mayar da tafiya daga Kasabulanka zuwa Tanja awa biyu da 'yan mintoci.

Ga mabiya ɗariƙar Tijjaniyya, wannan zaɓi na haɗa hutu da ziyara, tun da ana iya shiga jirgin ƙasa zuwa Fas, inda kushewar Shehu Ahmadu Tijjani take. Sai dai Tanja ta fi sauran sanyi da iska, ruwan sama kan sauka har cikin Afrilu, kuma kuɗin masauki ya ɗara na Masar.

Tunisiya

Tunisiya ƙaramar ƙasa ce, abin da ya sa ana iya ganin abubuwa da yawa cikin mako guda: kangon tsohon birnin Kartaj, da ƙauyen Sidi Bu Sa'id mai fararen gidaje da shuɗɗan ƙofofi, da bakin ruwan Hammamat da Susa. Kimanin kilomita 60 daga Susa ne birnin Ƙairawan yake, wanda Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a 670, garin Ibn Abi Zaid mai littafin Risala da ɗaliban fiƙihu suka sani.

Akwai kuma gargaɗin da bai kamata a ɓoye ba. A watan Fabrairun 2023, bayan wani jawabi da Shugaba Kais Saied ya yi kan baƙin haure daga kudu da Sahara, an kai wa baƙar fata hare-hare, har ƙasashen Gini da Mali da Kwaddibuwa suka kwashe 'yan ƙasarsu. A watan Yulin shekarar an sake samun tashin hankali a birnin Sfax. Baƙar fatar da zai je yawon buɗe ido ya bi sahun labarai kafin ya tashi, ya tsaya a garuruwan da aka saba da baƙi, kuma fasfonsa da takardar otal su kasance a jikinsa.

Antaliya

Mai tafiya da mata da yara zai fi samun natsuwa a Antaliya ta Turkiyya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgi daga Istanbul. Otal-otal ɗinta da yawa na haɗa kuɗin ɗaki da abinci a farashi guda, abin da ke ba maigida damar sanin abin da zai kashe tun daga gida. A yankin Alanya akwai waɗanda ba sa sayar da giya, kuma suka ware wa mata wurin wanka daban. Akwai tsohon gari mai hasumiyar Yibli ta ƙarni na 13, da magangarar ruwan Duden da ke zubowa cikin teku, da dandalin Aspendos na zamanin Rumawa.

Abin lura shi ne arahar da aka san Turkiyya da ita ta ragu ƙwarai, sakamakon hauhawar farashin da ƙasar ta sha fama da ita tun 2021. Farashin da wani ya faɗa daga tafiyar da ya yi shekaru biyar baya ba abin dogaro ba ne.

Gaɓar Turai

Wanda ke da biza a hannu, ko ya taɓa zuwa ya dawo kan lokaci, yana da dalilin duba Turai. Daga Malaga ta Sifaniya zuwa fadar Alhamra a Garnaɗa, ragowar daular Musulmin Andalus da ta faɗi a 1492, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, amma tikitin shiga sai an saya tun da wuri. Makon Ista kuwa farashin masauki na tashi a duk kudancin Sifaniya.

Ya kuma sani cewa wasu garuruwan sun gaji da baƙi. A watan Afrilun 2024 Benis ta Italiya ta fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar yini guda a wasu ranaku. A watan Yulin shekarar, masu zanga-zanga a Basalona sun riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigogin wasan yara, suna kukan tsadar haya, kuma hukumar birnin ta sanar da cewa za ta soke lasisin gidajen haya na 'yan kwanaki nan da ƙarshen 2028. Neman abincin halal da wurin sallah ma na buƙatar bincike a ƙananan garuruwa.

Haƙƙin da ke kan kowa

Wannan teku da wasu ke zuwa hutu a bakinsa shi ne wanda Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓata a cikinsa tun 2014, da yawansu matasan Afirka ta Yamma da suka bi ta Agadas zuwa Libiya. Da wannan idon ne jami'an biza da na filin jirgi ke kallon fasfon yankin. Duk wanda ya karɓi bizar hutu ya maƙale, ya ƙara wa na bayansa wahala, har da mara lafiya da ɗalibi.

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye kuma ya kamata su daina yi wa mutane alkawarin biza, domin ofishin jakadanci kaɗai ke da ikon ba da ita. Duk wakilin da ya ce zai haɗa wa mutum takardar banki ta bogi, yana jawo masa haramcin shiga ne. Matafiyi ya nemi rasit, ya kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma kada ya biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Hausawa na cewa iya kuɗinka, iya shagalinka. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son tarihi ya duba Iskandariyya, mai son haɗa hutu da ziyara ya duba Tanja da Fas, mai iyali ya duba Antaliya a ƙarshen Mayu. Mai burin Turai kuwa ya fara haɗa takardunsa tun watan Nuwamba, domin bazarar da ke tafe.