Ku nuna wa yara shamuwa kafin ruwa ya sauka

A ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, shamuwa ke dawowa daga kudancin Afirka ta yi sheƙa bisa tsamiya ko kuka a cikin gari. Da kakanninmu sun gan ta, sai su fara sharar gona da fiddo iri. Yau yara nawa ne a Maraɗi ko Damagaram za su iya bambanta ta da balbela?

Laifin namu ne. Mun miƙa musu waya, sun daina ɗaga kai. Alhali ba sai an je daji ba. Bayan la'asar, kama hannun ƙanenka ku zaga unguwa. Nuna masa ita: baƙa ce, cikinta fari. Faɗa masa fara take ci, shi ya sa manomi ke ƙaunarta. In ruwan farko ya sauka, ku saurari kukan kwaɗi, ku duba shinge a gindin fitila, ku ga gawo yana zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke toho.

Ƴan'uwa da ke Libiya ko Abijan, in kun kira gida ku tambayi yaran: shamuwa ta iso? Yaron da ya san sheƙarta ba zai auna ta da danƙo ba, in ya girma kuma ba zai bari a sare tsamiyar ba.